Batiran Mai Hoto da Idon Baba Tanimu

Akwai ranar da har gobe ba ta fita daga raina ba, wata Alhamis a zangon farko na shekarar 2005. Lokacin ina shekara ta shida da fara koyar da kemistiri a wata sakandare a Samaru, ina mataki na tara na albashi, kuma ni ke riƙe da makullin ɗakin gwaje-gwaje. Ku da kuka zo zamanin farin allo da alƙalamin maka ba ku san wahalar baƙin allo ba, don haka bari in fara muku daga nan.

Allonmu siminti ne a jikin bango. In aka yi wata biyu ana rubutu ana gogewa sai ya koɗe ya yi toka-toka, na bayan aji ba ya ganin komai. Fenti kuwa sai dai mu ji labari. Abin da ake yi shi ne a tara matattun batiran tocila da na rediyo, a fasa, a kwashe baƙin garin da ke ciki, a dama da ruwa da ɗan ƙaro, a shafe allon da tsumma. In ya bushe sai ka ga ya yi baƙi ƙirin. A makarantarmu wannan aikin Baba Tanimu ne, masinjanmu, dattijo ɗan ƙauyen Bomo mai zuwa a kan keke. Yanar ido ta riga ta rufe masa na hagu, da na dama kaɗai yake harkokinsa.

Ranar Talata takarda ta zo cewa masu duba makarantu za su zo Litinin. Shugaban makaranta, Malam Garba, ya tara mu ya ce allo goma sha biyu yake so ya gani baƙi kafin Juma'a. Baba ya ce batiran da ke hannunsa ba za su kai aji huɗu ba. Ni da shegen karambani na ce a bar min. Ina da aboki a Sabon Gari, Oga Sunday mai ɗaukar hoto, wanda fitilar kyamararsa ke cin batir ba kama hannun yaro. Laraba da yamma na je shagonsa, ya juye min leda guda yana dariya. "Malam, kwashe duka, ka rage min shara." Na lura ƙanana ne amma da nauyi, jikinsu na ƙyalli. Abin da ya zo min a rai kawai shi ne masu tsada ne, baƙinsu zai fi kyau.

To ga abin da ya kamata in tuna, wanda kuma na sani sarai. Batirin tocila na gargajiya gwangwaninsa tutiya ce mai laushi, da sandar gawayi a tsakiya. Danshin da ke cikin baƙin garinsa wani gishiri ne mai ɗan tsami-tsami, in ya taɓa fata ƙaiƙayi ne kawai. Na kyamara kuwa, wanda ake ce wa alkalayin, gwangwaninsa ƙarfe ne, ruwan cikinsa kuma ɗan'uwan sodar da ake yin sabulu ne. In ya mutu ya daɗe, iska kan taru a ciki ta matse. Duk shekara sai na zana su biyun a kan allo, in ci gyaran yara in sun haɗa su. Amma da aka miƙo min su a leda, wallahi shara kawai na gani.

Alhamis da safe na ba Baba ledar na shiga aji. Wajen ƙarfe goma muka ji ihu daga bayan ɗakin gwaje-gwaje. Na tarar da shi durƙushe gindin darbejiya, hannu biyu a fuska, yana ta salati. Ashe wuƙa ta ƙi yanka batirin, sai ya ɗora shi a kan dutse ya sa ƙusa da guduma. Mai ido ɗaya kuwa dole ya sunkuya ya karkato da mai ganin kusa da aiki. Bugu na biyu abin ya yi tsartuwa cikin idon.

Na ɗauki batirin da ya fashe, na murza danshinsa tsakanin yatsuna. Santsi na ji, irin na sabulu. Nan take na gane soda ce, na kuma san ba ta tsayawa a saman ido, ci take yi tana shiga.

Malam Garba ya iso da makullin motarsa a hannu. "Ku ɗauko shi, asibiti!"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba yanzu ba. Ruwa tukuna. Kafin mu kai, idon ya tafi."

"Kai likita ne?"

"A'a, amma na san abin da ya shiga."

Sai ya ce, "To ba ku kuke koya wa yara tsami na kashe soda ba? A samo lemun tsami a matsa masa."

Ban taɓa ɗaga wa shugabana murya ba sai ranar. Na ce a kwalbar gwaji ake wannan, ba a idon mutum ba, duk wanda ya kawo lemo nan ni da shi ne. Shi ma tsoro ne ya sa shi faɗa, na sani.

Ga wata masifar, famfonmu ya yi sati bai kawo ba. Na ruga na kinkimo jarkar tataccen ruwan da nake tattali don gwajin 'yan aji shida. Muka kwantar da Baba a kan benci, kansa a karkace ta dama. Idon ya ƙi buɗuwa, sai da na sa yatsu na ɓanɓare fatar idon da ƙarfi, Malam Garba na tsiyayawa da buta. Baba na fizge-fizge yana cewa, "Malam, ka bar ni haka, don Allah ka bar ni." Na ce, "Baba, yi haƙuri, yau ba zan ji maganarka ba." Ina ta tsoron kar farcena ya ƙarasa abin da sodar ta fara.

Ko minti goma ba a yi ba jarkar ta ƙare. Randar ofishin malamai ma muka ƙarar da ita. Ina waige-waige ban san abin yi ba, sai ga Mama Ngozi mai shago a bakin ƙofar makaranta ɗauke da buhu biyu na ruwan leda, wato fiya wata. Ba wanda ya kira ta, ihun ta ji. Ta durƙusa kusa da ni tana gatsa bakin leda tana miƙo min ɗaya bayan ɗaya. "Zuba, Malam, zuba, akwai saura a shago." Sai da agogona ya nuna rabin awa cif na yarda aka sa shi a mota, a hanya ma ban daina zubawa ba.

A babban asibiti wata likitar ido ce ta karɓe mu. Na miƙa mata batirin a cikin takarda, na gaya mata tsawon lokacin da muka yi muna wankewa. Ta ce da mun taho kai tsaye, da ba abin da za ta tarar. Ta kuma ce kada mu yi murna tukuna, baƙin idon ya ƙone, sai an ga yadda zai warke. Sannan ta tambaya wa ya ba dattijo irin wannan batirin ya fasa.

Na ce, "Ni ne."

"Me kake koyarwa?"

"Kemistiri."

Ta dube ni kawai, ta ci gaba da rubutunta. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Kwana tara Baba ya yi a kwance, idon a naɗe, ɗayan kuma dama ba ya gani. Kullum in na tashi daga makaranta can nake wucewa. Abinci ya daina min daɗi. Masu duba makarantu sun zo sun tafi, ban ma iya tuna abin da suka ce ba. Tunanina ɗaya ne: in aka kwance bandejin nan ya ce duhu yake gani, da wace fuska zan shiga Bomo?

Da aka kwance, ya ga hasken taga, ya ƙirga yatsun likita daga kusa. Idon bai mutu ba, amma tabo ya zauna a tsakiyarsa. Aikin masinja ya gagare shi, a ƙarshen shekarar ya ajiye.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe, ku sababbin malamai. Yawancin abin da muke zanawa a aji, wani ne a waje yake taɓa shi da hannu, kuma ba ya tambaya saboda ya yarda da mu. Baba bai tambaye ni ko menene a ledar ba, ai malamin kimiyya ne ya ba shi. Tun daga ranar ban sake miƙa wa ma'aikaci kwalba ko gwangwani ba sai na karanta jikinsa na gaya masa abin da ke ciki.

Bayan sallah na je gaishe shi a gida. Ina ta kame-kamen neman gafara, ya katse ni.

"Haba Malam, me ya yi zafi? Ai kai ka tsare min idon. Ga shi ina ganinka ras, har farar rigar nan taka ta yi maka kyau."

Shuɗiya ce a jikina. Na ce, "Na gode, Baba."