Mai Ƙiyasin Jama'a a Shagon Caji

Ina jiran wayata ta cika a wani shagon caji a Mandawari, sai ga wata matashiya zaune a kan benci, kwamfuta a cinya, mayafinta ya zame ba ta ma sani ba. Yatsunta masu lalle sai rawa suke a kan maɓallai. Ina jin ɗaliba ce, kuma aikin nan ya daɗe yana ba ta wuya.

"Ya yi!" Ta ajiye kwamfutar a kan bencin, ta miƙe tana tafi.

Mai shagon, Malam Ɗalha, ya zabura. "Malama, lafiya?"

Dariya take tana yi masa bayani. An ƙidaya jama'a a 1991, an sake a 2006, amma shekarun tsakani ba su da adadi. Umarnin da ta rubuta wa kwamfutar ne ya ja layi tsakanin ƙidayoyin biyu, ya ƙiyasta wa kowace shekara nata.

Ta ɗora yatsa a kan 1999. "Shekarar haihuwata, Baba! Ƙiyasi ne, amma ina ciki!"

Malam Ɗalha ya gyara tabarau, ya matso. "To, duba min 2003, shekarar tagwayena. Allah ya sa duka biyun kika sa."