Izinin da Na Nema da Baki

Ko shekara nawa zan yi a duniya, ba zan manta da ranar da aka buɗe ambulan ɗin nan a gabana ba.

Ina shekara ta biyu a wata jami'a can nesa da gida aka kira ni, aka ce Baba ya faɗi a gonarsa ta Garatu, ɓarin jikinsa ya shanye. Saura mako biyu jarrabawa. Tun rasuwar mahaifiyata daga ni sai shi muka rage. Na ruga ofishin shugaban sashenmu, na durƙusa har ƙasa yadda aka koya mana a gida, na faɗa masa. Dattijo ne mai kirki. Ya ce, "Subhanallahi! Je ki, 'yata, Allah Ya ba shi lafiya." Ni a wautata, tunda babba ya ce je ki, ai an gama magana. Ko layi ɗaya ban rubuta ba.

Wata huɗu na yi a gidanmu na Limawa ina jinya. Da ya fara takawa da sanda, na yanke shawarar neman canji zuwa wata makaranta a nan Minna, in riƙa karatu ina kusa da shi. Suka ce in kawo takardar sakamakona. Na je na karɓo ta cikin ambulan mai hatimi, aka ja mini kunne kada in buɗe. Na rungumo abata har gida ina murna, ni da ban taɓa faɗuwa jarrabawa ba.

Ranar kaiwa Baba ya kafe sai ya raka ni. Ya sa rigarsa ta Juma'a, muka hau napep. Matakalar ofishin ta gagare shi, sai ya zauna a benci ƙarƙashin mangwaro.

Mai karɓar takardun wata dattijuwa ce. Ta farke ambulan ɗin, ta duba, ta cire tabarau ta dube ni.

"Yarinya, me ya same ki a zangon nan?"

Ta juyo mini takardar. Kwas takwas, kowanne sifili. Makin da na tara duk ya zube ƙasa da abin da suke karɓa.

"Wallahi ban faɗi ba, Mama, ban zauna ba ne. Kuma na nemi izini."

"Ina takardar izinin?"

"Da baki na nema."

Ta mayar da takardar cikin ambulan. Sannan ta ce, "Ni na yarda da ke. Amma masu tantancewa ba za su ga fuskarki ba, wannan kaɗai za su gani. Ki koma ki gyara, ki dawo baɗi."

Ina fitowa Baba ya yunƙura zai miƙe, yana murmushi da rabin bakinsa. "Sun ɗauke ki?" Sai kawai na fashe da kuka a gaban mutane. Na ce masa na haƙura da karatun gaba ɗaya, ba inda zan je in bar shi. Ban taɓa jin ya ɗaga mini murya ba sai ranar.

"Saboda ni kika faɗi sau ɗaya. Ban yarda a yi na biyu ba. Gwaggonki ta unguwar Sauka Kahuta za ta kula da ni. Ki koma."

Na koma raina ba ya so. Shugaban sashen ya riga ya yi ritaya, babu mai shaidata, dole na maimaita kwas takwas ɗin nan. Ina tsakiyar jarrabawa Baba ya rasu. Kafin mota ta sauke ni a Minna an riga an kai shi makwancinsa.

Da shekara ta zagayo, makina ya kai har ya wuce. Ban sake neman canjin ba. Wurin wa zan dawo?

Har yau abin yana ci mini rai. Na koyi cewa takarda ba ta san dalili ba, abin da aka rubuta mata kawai take faɗa. Shi ya sa duk ɗalibar da ta ce mini malami ya ba ta izini, ba na barinta sai ta rubuta an sa hannu. Ni layi uku da ban rubuta ba ne suka hana ni riƙe hannun mahaifina ranar da ya cika.