Ayun Kakata

Jiya ɗiyata ta nuna mini wata dabbar kogin ƙasar Sin a waya, wai ta ƙare a duniya, halas, shi ke nan. Sai marigayiya kakata ta faɗo mini a rai.

In mun kai ta bakin bahar daga Nuzla, unguwarmu a nan ƙasa mai tsarki, takan tsoma yatsa, ta lasa, ta tofar. "Gishiri! Ayu ba ya zama nan." Sai ta lumshe ido, ta kai mu da labari kogin Yawuri, inda ayu ke ɗago hanci yana huci kamar saniya.

"Baba, esh ayu, mene ne shi?" in ji ɗiyata.

Ni ma ban taɓa ganinsa ba. Kaka, Allah Ya sauke ki bakin ruwan daɗi.