Shekarar da Mushe Yoshuwa Ya Yi Shiru

Duk wanda ya taɓa zuwa Gidan Jima, ƙauyen nan na kan tudun duwatsu a bayan Tabotaki, ya san Mushe Yoshuwa, wato Malam Yoshuwa da bakin Faransanci, tun kafin ya gan shi, domin muryarsa ce take fara tarbar baƙo. Ɗan gajeren mutum ne mai sanƙo tun da ƙuruciya, amma Allah ya ba shi maƙogwaron mutum uku. A unguwar ma'aikatan asibitin mishan aka haife shi. Mahaifinsa Iliya yana wankin zannuwan marasa lafiya, mahaifiyarsa Dorkas tana cikin matan zumunta a majami'a. An ce yana yaro aka sa shi cikin mawaƙa, ba a jima ba aka roƙe shi ya koma tsaron ƙofa, saboda in ya buɗe baki ba a jin kowa.

Da ya gama makarantar horon malamai sai gwamnati ta turo shi Gidan Jima, shi da matarsa Susana da keken ɗinkinta. Su kaɗai ne Kiristoci a garin, kuma ba wanda abin ya dama. Ran layya nama yakan fi ƙarfinsu, ran Kirsimeti kuwa shinkafar Susana tana shiga kowane gida. Lakwal ɗin, wato makarantar boko, aji guda ce, rumfar zana da allo baƙi a jingine, shi ne malami, shi ne darakta, shi ne mai buga ƙarfen tashi.

Koyarwarsa irin wadda aka yi masa ce: ya faɗa, yara su amsa gaba ɗaya. To ka san mutanen garin ba mai jin Faransanci, saboda haka da kunne suke auna karatu. In amon yara ya kai bakin rijiya, lakwal tana aiki. Mata har sun saba daka da shi, taɓarya na sauka daidai inda yara suke ajiye numfashi. Maigari Alƙasim yakan zauna a ƙofar gidansa yana gyaɗa kai, in baƙo ya zo ya ce masa, "Ka ji namu? Na Tabotaki ba su kai haka ba."

Ana nan, a tsakiyar shekarun casa'in, aka kira malaman ƙauyuka Madawa don wani horo na sabon salon koyarwa. Mai horon wata matashiya ce, Madam Jemima, mai sanyin magana har sai ka miƙa wuya. Ta ce kowa ya fito ya nuna yadda yake darasi. Yoshuwa ya fito da ƙarfinsa, ya yi darasin da har masu sayar da albasa a bakin hanya suka waiwayo. Ashe tana ɗaukar shi a kaset. Da ya zauna sai ta danna rediyon, ta ce, "Mushe, saurara, ka hwaɗa mani sunan yaro guda da ka ji a ciki."

Ya saurara. Ya ji kansa, ya sake jin kansa, can kuma sai wani gungun amo ya amsa, wanda ba shi da suna. Abokan aiki suka yi ta dariya. Shi bai yi ba. Ya koma gida da rediyo mai kaset da aka ba kowace lakwal, da ƴan kaset, da batura.

Ran Litinin yara suka tarar ya ture bencina gefe ya shimfiɗa tabarmi. Ya raba su ƙungiya-ƙungiya, kowace da tsakuwa da igiya. Wasu su auna filin lakwal, wasu su raba tsakuwa tsakanin mutanen gida, sa'an nan ɗaya ya tashi ya bayyana yadda suka yi, da Hausa tukuna, ya ƙoƙarta da Faransanci. Rediyo na ɗauka, a mayar musu su ji kansu, su gyara wa juna. Aikin malami shi ne ya zagaya, ya yi tambaya, ya yi shiru.

Shirun nan shi ne azabar. Yaro ya fara kuskure, amsa ta taso wa Yoshuwa har bakin haƙora, gumi ya keto wa sanƙo. Susana ce ta samo magani. Kullum da safe sai ta miƙa masa asawaki ta ce, "Ungo, in ta taso ka tauna." Kafin wata ya ƙare ya cinye reshen bishiya guda, haƙoransa sun fi na kowa fari a duk ƙasar Buza, inda ƙauyen yake.

A cikin wannan shirun ne ya gano Gaishatu, ɗiyar maƙwabciyarsu Nasiba. Yarinyar ta daɗe a ajinsa, yana ganin bakinta na motsi tare da na kowa. Ashe motsin ne kawai, ba ta taɓa fitar da sauti ba. Ranar da aka ajiye rediyo a gabanta ta daɗe tana kallon ƙasa, Yoshuwa na tauna asawaki kamar zai haɗiye shi. Can sai ta fara, a hankali, ta raba tsakuwa ta bayyana inda ragowar ta tafi, ba kuskure ko ɗaya. Daga ranar nan ba wanda ya isa ya mayar da shi tsohon salo.

Amma a bakin rijiya ba a ji komai. Dakan mata ya rikice. Aka fara cewa Mushe ya tafi Madawa an ɗaure masa baki, yanzu wasan tsakuwa yake sa yara. Maigari ya aika a kira shi.

"Mushe, lahiya kake?"

"Lahiya lau, ranka shi daɗe."

"To mi ya samu lakwal? Tun da kaka ban ji ta ba."

Yoshuwa ya yi bayani, ya yi bayani, har ya ce a zo a gani. Tsohon ya bar shi ya gama, sa'an nan ya ce, "Ni ban san boko ba. Amma kakanninmu sun yi wa wasu kiwo da noma bakinsu ƙulle, ba su ɗaga murya gaban kowa. Ba mu ba ka ɗiyanmu don su koyo shiru ba. Wanga mun iya shi tun da daɗewa."

Yoshuwa ya yi sallama ya koma gida. Washegari Maigari ya tura jikansa Jima kiwon awaki, ya ce tsakuwa akwai ta a daji. Da aka ga haka wasu gidajen suka bi. Tabarmi suka fara yin fili. Sufeton makarantu kuwa ya riga ya faɗa a Madawa cewa duk ajin da ya watse za a rufe shi, yaran su koma Tabotaki. Kowa ya san abin da wannan yake nufi: ƙanana da ƴan mata ba mai barin su su bi wannan hanyar, karatunsu ya ƙare ke nan. Abin da Yoshuwa ya dogara da shi kaset guda ce, wadda ya tara muryoyin yaran a kanta don ya kunna wa sufeto in ya zo.

To, a ƙasarmu in an gama girbi maza sukan tafi bida, wato ci-rani, na Gidan Jima yawancinsu Abijan. Ba a rubuta musu takarda, kaset ake yi. Mace ta zauna gaban rediyo ta zayyana komai, daga lafiyar akuya har yoyon ɗaki, a ba Kalla, mutumin garin da ke kai da kawowa a hanyar. Wata Lahadi Yoshuwa ya hau keke ya tafi sujada, sai Nasiba ta leƙo gidan. Kalla zai tashi, rediyon Inuwa mai shayi da aka saba ara ya lalace.

"Ƴar'uwa, ki taimaka mani da na Mushe, magana kaɗan ce."

Susana ta ɗauko. Nasiba ba ta zo da kaset ba, amma akwai wata a ciki. Susana ta juya ta, ta ji bayan ba komai, ta ce, "Ga wuri nan." A garin nan ba a taɓa ganin laifin wannan ba, kaset kamar tabarma ce, in gefe guda ya cika sai a juya. Maganar kaɗan ta ci gefen har ƙarshe, Kalla ya jefa kaset a jaka ya kama hanya.

Da Yoshuwa ya dawo ya ji inda kaset ɗinsa ta nufa, muryar da ya daɗe yana ɗaurewa ta tsinke. An ji shi a rijiya, an ji shi a bayan tudu. Mata suka dubi juna da murna suka ce, "Alhamdu lillahi, Mushe ya warke." Susana ta jira ya gaji, ta miƙa masa asawaki.

Ya ci gaba da sauran yaran, yana ramewa. Sanyi ya wuce, ana shirin azumi, sai ga Kalla da amsa. Amsar ƴan bida ba ta mutum guda ba ce, kowa yakan sa bakinsa, shi ya sa a ƙofar Maigari ake kunna ta bayan la'asar. Rediyon Inuwa har yanzu bai tashi ba, dole Yoshuwa ya kawo na lakwal, ya durƙusa ya danna da hannunsa.

Mahamud, mijin Nasiba, shi ya fara. Ya gaida Maigari da liman, ya amsa zancen akuya da na ɗaki. Sai ya gyara murya. Ya ce su can ɗaki guda suke, tare suka saurari saƙon, da ya ƙare wani ya juya kaset ko akwai saura.

"Sai munka ji yara. Ɗaya bayan ɗaya, kowa da muryarshi. Sai ga waccan yarinya ta gidana." Ɗiyar fari ce, ba zai kama sunanta ba. "Tana rabon lissahi, tana gyara ma wani yaro Faransanci. Ni dai tun da anka haihe ta ban taɓa jin ta yi magana mai tsawon haka ba. Na mayar, na mayar, har mutane sunka ƙwace rediyon."

Nasiba ta ja mayafi ta rufe fuska. Gaishatu ta ɓuya a bayanta.

Wasu suka biyo, kowa na yabon nasa, har da wanda ɗansa ya yi kuskure a kaset, ya ce ai da ƙarfin zuciya ya yi shi. Daga nan sai muryar Iliyasu, babban ɗan Maigari, uban Jima. Ba dariya a cikinta.

"Baba, ina gaisuwa. Na saurara har ƙarshe ban ji nawa ba. Nan kowa na ta yi mani ba'a, wai nawa awaki yake koya ma Faransanci. In ba shi da lahiya a hwaɗa mani. In kuwa lahiyarshi lau, ina roƙo, kaset mai zuwa in ji shi."

Ba wanda ya kalli Maigari, kowa ya sami abin dubawa a ƙasa. Wasu iyaye biyu suka yi irin wannan ƙorafin a bayansa. Na ƙarshe Haruna ne, tsohon ɗan bida, ya yi sallama da murya irin ta ta'aziyya.

"Jama'a, ku hwaɗa muna gaskiya, kada ku ɓoye. Mun ji yara, ba mu ji Mushe ba. Tari guda munka ji can nesa, wasu sun ce nashi ne, ni na ce Mushe ba ya tari ƙarami haka. In Allah ya yi mashi rasuwa, a yi ma Madam Susana gaisuwa."

Dariya ta kece har liman sai da ya share hawaye. Yoshuwa na durƙushe gaban rediyo, sanƙo na ƙyalli, bai san ko ya yi fushi ko ya yi godiya ba.

Maigari ya bari aka lafa. Ya daɗe yana shafa gemu, sa'an nan ya ce, "Mushe, ashe abin naka ciki yake shiga." Ya gyara zama. "Gobe yaron zai zo. Amma ka taimake mu, ko waƙa guda ce da sahe, ku ɗaga ta yadda anka saba. Matan ga sun ɓata mana hura."

Haka aka yi. Da safe waƙa guda, Yoshuwa ya saki maƙogwaro har zana ta girgiza, taɓare su kama, daga nan a zauna kan tabarmi asawaki ya shiga baki. Ranar da sufeto ya zo sai da ya tsallake ƙafafun yara kafin ya sami wurin tsayawa, zancen rufewa bai ko taso ba.

Tun daga lokacin ya zama al'ada a Gidan Jima, duk kaset da za ta Abijan, gaba na mata ne, baya na lakwal. Jima ne ya buɗe ta farko, da bayanin yadda ake auna shingen awaki da igiya. A ƙarshenta Yoshuwa ya roƙi a bar masa ɗan wuri. Ya matso da bakinsa ya gaida Haruna, ya shaida masa yana nan da ransa. Daga wannan gaisuwar ce lasifikar rediyon ta kama karkarwa, kuma har ya bar garin da furfura a gemu ba a sami mai gyara ta ba.