Ruwan Yashi a Maƙerar Kudan

Ana idar da sallar asuba muka bar Ikara, ni da ƙanena, a bayan wata tsohuwar lori mai zuwa Makarfi. Hutu na zo daga ma'aikatar zubin ƙarfe da nake aiki a Kaduna, sai ga saƙon kawuna daga Kudan: haƙorin injinsa na matse rake ya karye, ga rake an fara sara, in ya daɗe a ƙasa tsami zai yi. Na rungumi galan ɗaya na wani ruwa da muke aikin zubi da shi, wanda shugabanmu ya ba ni in gwada a can. Turawa silika suke ce masa, mu kuwa ruwan yashi.

Tun da aka sami mulkin kai ake cewa za a gyara hanyar nan, amma ramukan ba su ji labari ba tukuna. A Makarfi muka karya da wainar sisi. Wata mai tallan nono ta leƙa galan ɗin, ta ga fari-fari, ta ce wanda ya sayar mini ya cuce ni, ruwa ya yi yawa. Daga nan muka yi hayar kekuna, muka ratsa fadamun rake, ƙanshin mazarƙwaila na tashi daga kowace bukka. A wani rafi na ɗebi yashi mai laushi.

Kawu ya kai mu wurin wani tsohon maƙeri. Bayan doguwar gaisuwa na yi masa bayani: yashi ake narkawa da wani abu mai kama da kanwa, a cire kanwar, ƙwayoyin da ido ba ya gani su zauna cikin ruwa. In ya bushe, ko wuta ba ta cin sa. Har zare da buhunan takarda ana shafa wa don kada su yi santsi.

Tsohon ya ɗiba a ƙoƙo, ya barbaɗa gishiri. Kafin la'asar ya kama kamar kamu.

"Ɗana, yashi nauyi gare shi," in ji shi. "Me ke riƙe shi bai kwanta ba?"

"Baba, ban sani ba," na ce.

Da kakin zuma tsohon ya sassaƙa siffar haƙorin, muka riƙa tsoma shi a ruwan muna yayyafa yashi, ya bushe mu sake. Don gaggawa na shanya shi a rana, ɓawon yashin da ya rufe kakin ya tsage. Kawu ya dubi tarin rakensa. Ni kuwa kunya ta hana ni ɗaga kai. Tsohon ya ce a sake, amma a inuwa, sannan ya lulluɓe shi da yumɓunsa da ya kwaɓa da kashin doki. Rana ta uku aka gasa, kakin ya tsiyaye, tsohon ya zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Da aka fasa, haƙorin ya fito sumul, har zanen farcen tsohon a jiki. Aka ɗaura wa injin doki, ya zaga, ruwan rake ya zubo.

Ranar Juma'a muka dawo Ikara da mazarƙwaila cike da kwando, sauran ruwan kuma na bar wa tsohon. Tafiyar ta nuna mini iya aiki da abu daban, saninsa daban. Shekara biyu ina tsoma hannu a ruwan nan ban taɓa tambayar me ke riƙe yashin ba, shi kuwa ganinsa na farko ya tambaya.