Kwamfutar da Ta Cinye Gwal ɗin Yaya

Yayata ce ta saya mini kwamfutar, kuma da gwal ɗinta ta saya. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata biyu a Nassarawa GRA, a irin tsofaffin gidajen nan masu faɗin fili da bishiyoyin mangwaro. Ni kuwa a lokacin ina aikin tace bidiyo a shagon wani mutum. Kwamfutar shagon ta tsufa. In ka ba ta aikin minti goma, sai ka je ka yi salla, ka ci abinci, ka dawo ka tarar tana nan tana nishi. Wani sa'in ma ta mutu a tsakiyar aiki, wahalar yini guda ta tafi a banza.

Wata rana ina ba Yaya labarin irin kwamfutar da manyan masu wannan sana'a suke aiki da ita a Legas, sai ta tambaye ni kuɗinta. Da na faɗa, ta ajiye kofin da ke hannunta.

"Auta, wannan ai kuɗin mota ne."

"Mota mai kyau ma kuwa, Yaya."

Bayan sati uku ta kira ni ɗakinta, ta nuna mini akwatin sarƙoƙinta ba komai a ciki sai 'yan kunne guda biyu. Ta ce gwal a akwati ba ya haihuwa, ni kuma in na ci gaba da zama a shagon mutane haka zan tsufa. Dangi sun yi ta magana. Wani kawunmu ya ce tunda yake bai taɓa jin an sayar da gwal an sayi talabijin ba.

Ashe sayenta somin taɓi ne. Sai da muka sa mata na'urar sanyaya ɗaki, don ba ta son zafi. Sai da muka nemo abin daidaita wuta, da batirin da zai riƙe ta in an ɗauke wuta kafin a tayar da janareta. A ɗakin baya muka ajiye ta, can ɓangaren masu aiki, na toshe tagogi, na hana shiga da takalmi. Maigadin gidan, wani dattijo mutumin Jigawa, yakan leƙo ya ce, "Wannan baƙuwa ta fi mu gata."

Amma ta yi aiki. Abin da nake kwana uku a kansa a da, yanzu tsakanin azahar da magariba na gama. Bikin manyan gidaje, saukar karatu, wa'azi, tallan shaguna, duk suka dawo wurina. Matan unguwa sun fi yarda da ni saboda a gidan Yaya nake, sun san kaset ɗin kamu da na sa lalle, inda mata zalla suke rawarsu ba mayafi, ba zai bi shago-shago ba.

A cikin wannan yanayi wata amarya ta roƙe ni wani abu. Mahaifinta ya rasu wata huɗu kafin bikinta, tana so ta gan shi a hoton dangi. Na ɗauko shi daga wani tsohon hoto na tsayar da shi a bayanta, na gyara haske da inuwa har ba mai iya cewa ba ya wurin. Ta yi kuka, ta yi godiya, ta rataye hoton a falonta. Duk wanda ya shiga sai an nuna masa, a kuma faɗa masa inda aka yi. Ni har daɗi nake ji.

Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a a Kano ba, ga kuma zaɓe ya ƙarato. Gari ya cika da fastoci da lasifika, kowane ɗan takara yana rantsuwa ya fi abokin hamayyarsa tsoron Allah.

Wata Laraba bayan la'asar maigadi ya ce ina da baƙo. Wani mutum ne fari, siriri, cikin shadda ruwan toka, mai magana a hankali kamar ba ya son ya tashi wani daga barci. Ya cire takalminsa tun ban ce ba. Ya zauna ya daɗe yana kallon kwamfutar, sannan ya ce ya ga hoton amaryar nan, aikin ya burge shi. Ya ce shi yaron wani babban ɗan siyasa ne, bai faɗi ko wane ne ba, ni ma ban tambaya ba.

Ya zaro ambulan ya baje hotuna uku a kan tebur. Na farko wani dattijo ne da na sani a fasta, tsohon hedimasta da ke neman shugabancin wata ƙaramar hukuma, mutumin da ake yaba wa da riƙon addini. Na biyu ɗakin otal ne, da kwalabe a kan tebur. Na uku wata budurwa ce tana dariya, an ɗauke ta daga gefe a bakin wani ofis, da gani ba ta san ana ɗaukarta ba.

"Malam, so muke ka haɗa mana su wuri ɗaya. Kamar yadda ka yi wa marigayin nan."

Na ce, "Alhaji, wancan ai 'yarsa ce ta nema, kuma kowa ya san haɗawa aka yi."

"Wannan ma mu mun sani," in ji shi, yana murmushi.

Na tambaye shi wace ce yarinyar. Ya ce ba kowa ba ce. Na san abin da hoto irin wannan zai iya yi a wancan lokaci. Ba a faɗuwa zaɓe zai tsaya ba. Ana iya taruwa a ƙofar gidan mutum, ana iya kai shi gaban alƙali, ita kuwa yarinyar ban san inda za ta sa kanta ba. Amma ban iya ce masa a'a kai tsaye ba. Na ce aiki ya yi mini yawa, ya ba ni lokaci. Ya tattara hotunansa, ya ce ba komai, zai dawo.

Da na gaya wa Yaya, tana tsinke zogale a tsakar gida, hannunta ya tsaya.

"Ka ce masa me?"

"Na ce ya ba ni lokaci."

"Lokacin me, Auta? Wanda ka ba lokaci ai ka ba shi rabin alkawari."

Kwana biyu bayan nan maigadi ya same ni ya ce akwai wata mota mai baƙin gilashi da ke tsayawa a ƙarƙashin bishiyar da ke kallon ƙofarmu, tun hantsi har azahar, ba mai fita daga ciki. Layinmu shiru ne, in mota ta tsaya kowa ya san gidan da ta zo. Wannan ba ta zo gidan kowa ba. Washegari ma ta dawo. Yaya ta hana 'ya'yanta zuwa Islamiyya a ƙafa.

Ran Litinin mutumin ya dawo. A wannan karon na daure na ce ba zan iya ba. Bai ɓata rai ba. Ya ce to in sayar masa da kwamfutar, zai ninka abin da aka saye ta, suna da wanda zai yi aikin. Na ce ba tawa ba ce, ta yayata ce. Ya gyaɗa kai, ya dubi kaset-kaset ɗin da ke jere a kan kanta, ya shiga karanta rubutun jikinsu ɗaya bayan ɗaya.

"Kamu. Sa lalle. Wunin biki. Duk waɗannan suna cikin injin nan?"

Bai jira amsata ba, ya ci gaba.

"Wallahi tausayinku nake ji. Ka san zamanin da muke ciki. Mutum ɗaya ya isa ya ce a gidan wata bazawara a GRA akwai injin da ake tara hotunan matan aure suna rawa ba mayafi. Kafin a gane gaskiya, an riga an zo." Ya sa takalminsa. "Ka gaida Hajiya."

Bayan fitarsa na juya na dubi injin. A cikin kwamfutar nan akwai matan gidaje da yawa, waɗanda suka ba ni amanarsu saboda Yaya. In aka zo aka ɗauke ta, ba wanda ya san idon da zai gan su.

Yaya ce ta yanke shawara. Ta ce ba za a sayar ba, ko da zai kawo kuɗin da ya cika ɗakin, amma kada a bar hoton mace ko ɗaya a gidan. Kwana biyu muka yi muna yawo a motarta, Badawa, Gawuna, cikin GRA, muna mayar wa kowa kaset ɗinsa. Ita take shiga wurin matan, ni ina jira a waje. Wasu aikinsu bai ƙare ba, suka yi ta faɗa. Ba ta yi musu bayani ba, ta ce kawai injin ne ya samu matsala. Da muka gama na zauna na goge duk abin da ke cikin kwamfutar, aikin wata da watanni, har da waɗanda nake alfahari da su. Ba ta ɗauki lokaci ba. Saurin da aka saye ta dominsa, da shi ta share komai.

Muka zauna jiran a zo. Duk ƙarar mota sai Yaya ta ɗaga labule. Ba wanda ya zo. Motar mai baƙin gilashi ma ta daina tsayawa, kuma hakan bai kwantar mana da hankali ba.

Ranar wata Juma'a, ana saura kwanaki kaɗan zaɓe, na fito daga masallaci na ga mutane sun yi cincirindo suna karɓar wata takarda. Wani ya miƙo mini. Hoton ne. Ga hedimasta, ga kwalabe, ga yarinyar tana dariya a gefensa. Aikin banza ne, wanda ko ɗan koyo zai ji kunyarsa. Kan dattijon ya fi ƙarfin jikinsa, haske ya bugo shi ta dama, ita kuma ta hagu, gefen mayafinta ma a yanke yake kamar da almakashi. Kowace tsohuwar kwamfuta ta shagon buga takardu za ta iya yin wannan. Amma ba wanda ke duba haske. Sai salati ake yi, ana cewa dama masu fuskar salihai ai sai a hankali.

Abin da ban zata ba shi ne a ce ni na yi. Waɗanda ba su yarda da hoton ba suka fara tambayar wa ke da injin da zai iya haka a garin nan, amsar kuwa kowa ya san ta, tunda amarya ta riga ta yi mini talla. Aiki ya tsaya cak. Matan da muka mayar wa kaset suka ce ashe shi ya sa.

Ran Lahadi da hantsi maigadi ya shigo da sauri ya ce ga mai hoton nan da kansa. Hedimasta ne, shi kaɗai, ba 'yan rakiya. Ya fi yadda yake a fasta tsufa. Ya ƙi zama.

"Yaro, an ce kai ne. Na zo in ji daga bakinka."

Na rantse masa ba ni ba ne. Na gaya masa an kawo mini na ƙi. Na roƙe shi ya zauna, na sa takardar a na'urar kwafar hoto, na buɗe hoton a kwamfuta na ƙara girmansa har wuyansa ya cika allon. Na nuna masa layin da aka ɗora kansa a wani jiki, da inda inuwa ta saɓa, da yatsun hannun da ba nasa ba. Ya sa tabarau ya matso, ya daɗe yana kallo.

"Wannan hannun ma da zobe," in ji shi. "Ni ban taɓa sa zobe ba."

Na buga masa komai a takarda, na zagaye wuraren da jan biro. Sai ya ce, "Za ka zo ka faɗi wannan a gaban mutane? Ka ce an kawo maka ka ƙi?"

Na tuna mutumin mai shadda ruwan toka, da yadda ya ce in gaida Hajiya. Na tuna 'ya'yan Yaya. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri. Takardun naka ne, ka nuna wa duk wanda kake so. Amma kada a ambace ni."

Bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya naɗe takardun ya sa a aljihu, ya ce Allah ya yi mana jagora, ya fita. Na ji an ce ya nuna su a wurare biyu ko uku, amma takardar da ba mai tsaya mata ba ta da baki. Ya faɗi zaɓen. Ko hoton ne ya kayar da shi ko wani abu dabam, ban sani ba.

Kwamfutar ta yi kusan shekara tana aikin katin biki da kalandar makarantu, abin da bai kai ya tayar da fankar cikinta ba. Sannu a hankali mutane suka dawo, ban da masu kaset ɗin mata. Daga baya na sayar da ita ga wani mai ɗab'i, a kuɗin da bai kai na tsohon babur ba, don a lokacin an fito da waɗanda suka fi ta.

Yarinyar kuwa, ban nemi labarinta ba, labarin ne ya same ni. Maigadi ya ji a wurin wani direba cewa akawu ce a wani ofis, 'yar wajen Zariya, tana haya a Badawa, kuma ba ta taɓa ganin hedimasta ido da ido ba. Mai gidan hayar ya ba ta kwana uku ta tashi. Mahaifinta ya zo da akori-kura ya kwashe kayanta da rana tsaka, 'yan layi suna tsaye suna kallo, ba wanda ya kama musu ko da kujera.