Bajamushe, Abokin Kallon Asabar

Na Allah muke, kuma komai daɗewa gare shi za mu koma. A ranar Laraba, sha tara ga watan Fabrairu, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah ya karɓi ran abokina wanda kowa ya fi sani da Bajamushe, bayan jinyar kwana tara a asibiti. Ya rasu yana da shekara sittin da bakwai, ya bar mata ɗaya, 'ya'ya huɗu da jikoki shida. Babbar 'yarsa ce ta kira ni ina tsaye a kicin ina wanke kofin shayina. Ta ce, "Baba, abokinka ya cika." Na ce mata gani nan zuwa. Da na ajiye wayar sai na ci gaba da wanke kofin nan, ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, har ruwan famfo ya jiƙa mini hannun riga.

Bajamushe, yau kwana goma sha ɗaya ke nan, kuma sai yanzu na iya zama in rubuta wani abu a kanka.

A maɗaba'a muka san juna. Ni aikina duba rubutu kafin a buga, abin da ya sa ka laƙaba mini Jan Biro, sunan ya bi ni har gida. Kai kuma kai ne mai kula da babban injin nan ƙirar Jamus da ya cike rabin zauren aiki. Lokacin da aka kawo shi, wani dattijon injiniya ya biyo shi don ya haɗa, ya yi wata biyu tare da kai. Shi mutumin birnin Bremen ne a Jamus, kuma in an tashi hutun rana ba shi da hira sai ta ƙungiyar ƙwallon garinsu. Ya koma ƙasarsu ya bar maka abu biyu: sanin injin ciki da waje, da son wata ƙungiya mai koriyar riga wadda ba ka taɓa ganin filinta da idonka ba. Daga nan ma'aikata suka fara kiranka Bajamushe. Ba ka taɓa taka ƙasar ba. Kalmomin harshensu da ka sani ba su kai ashirin ba, rabinsu sunayen sassan inji ne, sauran kuma na yi wa alƙalin wasa faɗa.

Shekara ashirin da bakwai ka yi kan injin nan. Daga ƙofar shiga kake jin sautinsa ka ce wani abu ya kwance, a duba kuwa a samu haka ne. Na tuna ranar da kuskure ya wuce ni a bangon wani littafin makaranta, harafi ɗaya ya ɓace a sunan littafin. An riga an fara bugawa ka hango shi a kan takardar da ke fitowa. Ka tsayar da injin, ka taka har teburina, ka ajiye takardar a gabana, ka sa yatsanka mai baƙin tawada a wurin. Da manaja ya zo yana tambayar abin da ya tsai da aiki, sai ka ce injin ne yake son a ɗan duba shi. Har ka bar duniya ban ji ka ba wani wannan labarin ba.

Amma babban alherin da ka yi mini ya zo ne bayan rasuwar matata, shekara shida da suka wuce. Allah bai ba mu haihuwa ba. Da 'yan gaisuwa suka watse, gidan ya yi mini faɗi. Na yi wata biyu ba na zuwa ko'ina sai masallaci da shagon bakin layi. Wata Asabar da rana ka buga mini ƙofa, ka ce in sa takalmi. Na ce ina za mu? Ka ce, "Kallon ƙwallo." Na ce maka rabona da ƙwallo tun ina makaranta, kuma ko zan kalla ai ta Ingila ake kallo, wa yake kallon ta Jamus? Ka ce, "Ni. Yanzu mun zama mu biyu."

Haka na fara zama a ƙaramin falonka, kai a kujerar da ke jikin taga, ni a ta kusa da ƙofa, tebur a tsakiya da flas ɗin shayin da Hajiya maiɗakinka take ajiye mana kafin a take wasa. Ka ce dole in zaɓi ƙungiya, don kallo ba ɓangare kamar cin abinci ne da mura. Na tambaye ka wace ce ta fi cin kofi, ka ce Bayern, na ce to ita na zaɓa. Ka dube ni ka girgiza kai, ka ce, "Dama mai jan biro ba ya son wahala, sai an gama aiki ya zo ya sa hannu."

Daga baya maƙwabcinka Direba ya shigo cikinmu da rawayar rigarsa ta Dortmund da muryarsa mai kai wa bakin titi. Shi kullum ƙorafinsa ɗaya ne, wai da ƙungiyarsa ta raini yaro ya fara iya wasa sai manyan ƙungiyoyi su zo su ɗauke. Ni in ce ai kowa yana son ci gaba. Kai kuma ka bar mu mu gaji, sannan ka yi magana a hankali. Ba ka cika yabon mai cin ƙwallo ba. Ɗan tsakiyar da yake tare hanya kake yabo, ko ɗan bayan da ya matsa taku biyu kafin kowa ya ga haɗarin. Kakan ce mu muna bin ƙwallo da ido, ba ma ganin mutum goman da ba ta ƙafarsu. A wurinka na koyi satar gida, na koyi dalilin da koci zai fitar da ɗan gaba ya sa ɗan baya alhali ana neman ci, na kuma koyi yin shiru in ji waƙar 'yan kallon da ke tsaye bayan raga, waɗanda ka ce ko an ci su uku ba sa zama.

Shekarar da Bremen ta faɗa rukuni na biyu, ni da Direba muka shirya za mu yi maka tsiya har ka gaji. Da aka busa tashi muka juyo, sai muka ga ka cire tabarau kana goge ido da gefen riga. Kai ne ma ka fara magana, ka ce, "To, badi sai ku riƙa zuwa da wuri, wasanninmu da rana tsaka ake yi." Muka kuwa riƙa zuwa. Kaka guda muna kallon ƙungiyoyin da ko sunansu ba mu iya faɗa, har ranar da kuka dawo rukunin farko, ka miƙe tsaye a tsakiyar falo kana tafi kamar suna jin ka. Hajiya ta leƙo ta ce, "Malam, lafiya? Na zaci wani abu ne ya kama da wuta."

Shekara biyu da suka wuce aka mayar da Direba wani gari da aiki. Muka koma mu biyu.

Akwai abin da ba zan ɓoye ba, don in na ɓoye shi wannan rubutu bai cika gaskiya ba. A watan Janairun bana muna hutun rabin lokaci, hira ta kai mu kan wata ƙungiya da ake raɗe-raɗin za ta sallami kocinta. Ka ce bai kamata ba, mutumin ya yi musu shekaru yana gina yara, a ba shi lokaci. Ni kuwa bakina ya riga tunanina. Na ce zamani ya wuce shi, kuma mutum in zamani ya wuce shi gara a sallame shi a kawo mai sabon ilimi, ba a riƙe ma'aikaci don tausayi. Ban gama rufe baki ba na tuna. Da irin waɗannan kalmomin aka sallame ka daga maɗaba'a, lokacin da aka sayar da tsohon injin aka kawo masu aiki da kwamfuta. Ina wurin ranar da ka kwashe spanoninka a jaka ka fita ta ƙofar baya don kada a yi maka rakiya.

Ba ka yi faɗa ba. Ka ce, "Haka ne, Jan Biro." Muka ƙarasa kallon, shayin ya huce a kofuna.

Asabar uku ban zo ba. Ba fushi nake ba, kunya ce ta hana ni, kuma kowane mako ya wuce sai ta ƙara nauyi. Nakan sa kaya in kai bakin ƙofa, in dawo in zauna. Ran Asabar ta huɗu sai na ji mota ta tsaya, na leƙa na ga 'yarka tana riƙe da hannunka kana hawa matakalar gidana. Na fara ba ka haƙuri, ka ɗaga hannu ka tsayar da ni. Ka ce, "Maganarka ta yi mini zafi, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma mako uku ina kallo ba mai yi mini musu, har na fara yarda da kaina. Sa takalmi." Ran nan muka yi dariya kamar da. Ran Litinin aka kai ka asibiti, ciwon sukarin da ka daɗe kana fama da shi ya taɓa ƙoda.

Na riƙa zuwa kullum da yamma. Ran Asabar ɗin ƙarshe kana kwance, an sa maka ruwa a hannu, ka ce in buɗe wayata in riƙa gaya maka yadda wasanni suke tafiya. Na zauna a gefen gado ina karanta maka sakamako ɗaya bayan ɗaya. Idonka a rufe, amma kowane suna na ambata sai ka ɗan gyaɗa kai, wani ma ka gyara mini yadda ake faɗarsa. Da zan tafi ka riƙe hannuna ka ce in yafe maka. Na ce ni ne da neman yafiya. Ka ce, "To kunnen doki ke nan."

Kwana uku bayan an kai ka makwancinka, na shiga yi wa Hajiya gaisuwa, 'yarka tana gefenta. A nan na ji abin da ban taɓa zato ba. Hajiya ta ce, "Malam, ka san ya fi shekara ba ya ganin ƙwallon nan a talabijin? Launin riguna kawai yake gani suna motsi." Na ce ba zai yiwu ba, ai tare muke kallo. 'Yarka ta ce, "Baba, da muryarka yake gani. In ka yi ihu ya san an kai hari, in ka yi tsaki ya san an ɓarar." Sai na tuna yadda ka koma yawan tambayata wa ya ba da ƙwallon, wa ya tare, ni kuwa ina zaton jarraba ni kake ka ga ko na iya. Hajiya ta ce ta sha ce maka ka gaya mini, kai kuma ka ce a'a, in na sani zan ce ina takura maka in daina zuwa, kuma ba ka son in koma zaman gidan nan ni kaɗai.

Jiya Asabar na kunna talabijin a ɗakina. Na kalli minti goma sha biyar. Wani yaro ɗan baya ya yi wata tarewa mai kyau, na buɗe baki zan ce ka gani, sai na ji muryata ita kaɗai a ɗakin. Na kashe, na zauna har aka kira la'asar. Direba ya bugo waya daga baya, muka gaisa, muka yi shiru, ya ce layin ba kyau, na ce haka ne.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya, wadda ta yi shekara arba'in da ɗaya tana haƙuri da kai da hayaniyarmu, da babbar 'yarka da ta tsaya a kanka har numfashin ƙarshe, da ƙannenta uku, da jikokinka, da 'yan'uwanka, da tsofaffin abokan aikinmu na maɗaba'a. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya tsare muku zumuncinku, ya sa albarka a abin da ya bari.

A wurin zaman gaisuwa ina can layin baya cikin baƙi. Na miƙa hannu na yi wa iyalinka gaisuwa kamar kowa, don ni ba ɗan'uwa ba ne, ba suruki ba. Da zan fita sai ƙaramin ƙanenka, wanda sau ɗaya muka taɓa haɗuwa, ya biyo ni har bakin ƙofa, ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Malam, ya haƙuri? Kai ma an yi maka rashi." Sai da na kai gida na amsa.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka, ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa ka haskaka shi. Ka sa jinyar da ya yi ta zama kaffara. Ya rufa wa mutane asiri, ka rufa masa nasa. Ya ɗebe wa wani kewa, kada ka bar shi cikin kewa. Ka sa Aljanna ce makomarsa, mu kuma in tamu ta zo ka sa mu cika da imani. Amin.